Shekarar da Gero Bai Zo Ba

Duk garin Arlit, daga Akokan har bayan Bukoki, ba a taɓa yin mutumin da ya san asalinsa kamar ni Habu ba. Kuma ba ni kaɗai na san haka ba, duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayi ta bakin tasha ya ji ni ina faɗa. In na fara jero kakannina bayan la'asar, har a kira magariba ban sauko kan babana ba. A cikinsu akwai wanda ya yi kokawa da zaki a dajin Damargu har zakin ya aiko a ba shi haƙuri. Akwai madugun da raƙumansa suka yi yawan da na gaba ya isa Agadas na baya bai gama shan ruwa a Tanut ba. To ƴaƴana, ku gyara zama, don wannan babin shi ne na yadda wata na'ura mai kaurin faranti da wata tsohuwa da ba ta fi ƙarfin kaza ba suka haɗa kai suka kwance mini zane a kasuwa. Na yi dariya da yawa a duniya, na sa mutane dariya fiye da haka, amma abin da na gani a wannan shekara har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Shekarar da aka rufe ramin ma'adinin Akokan ce. Ni magazinye ne a can, mai tsaron ɗakin kayan gyara, na san kowace ƙusa da sunan uwarta. Aka wayi gari babu aiki, unguwar ma'aikata ta shiga watsewa. Kullum kamiyo, babbar motar kaya, na tsaye a ƙofar wani, ana ɗora gado da firji da tumaki, wannan ya ce za shi gida Maraɗi, wancan ya ce za shi gida Tawa. Ku kuma da aka haifa a nan kuka tsare ni da tambaya, mu ina ne gidanmu? Tambaya ce mai nauyi a garin da babu wanda kakan kakansa ke kwance a maƙabartarsa. Arlit yaro ne. Gwaggo Hansatu da ke ɗakin baya na gidanmu ta girme shi nesa ba kusa ba.

Gwaggo yayar babana ce. Aurenta ya mutu tun tana da ƙuruciya, ta biyo ƙanenta nan lokacin garin bai wuce tantuna da gwangwani ba, ta riƙa yi masa girki kafin ya yi aure. Da innarmu ta rasu ita ta goya mu. Kowa ya san Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, kamar yadda kowa ya san rana daga gabas take fitowa, ba a zancen, ba a tambaya. Mace ce mai fara'a da kowa, in ban da mutum ɗaya. Akwai wani direban kamiyo, Idi, mutumin wajen Tanut, ya ɗan girme ni, yana ɗaukar kaya zuwa Asamaka. Tun ina saurayi, duk bayan kaka sai ya tsaya a ƙofarmu ya sauke buhun gero, ya zauna a zaure ya sha shayi, ya leƙa ya yi gaisuwa daga bakin ƙofa, ya wuce. Ni kuwa a ganina labaraina yake saye da geron nan, don ba ya tashi sai na ba shi na zaki daga farko har ƙarshe. Da Gwaggo ta ji muryarsa sai ta ja lulluɓi ta juya fuska ga bango. Na sha yi mata ƙorafi.

"Gwaggo, mutum ya ɗauko mana gero tun daga Damargu, ko sannu da zuwa?"

"Ka ba baƙo ruwa," ita ce amsarta kullum.

A wannan shekarar Idi bai zo ba. Ban damu ba, ban ma da lambar wayarsa, don mutumin da ke kawo kansa wa ke neman lambarsa? A shekarar ce kuma Gwaggo ta daina cin abinci. Uwarku Mariama ta gwada tuwo, ta gwada kunu, ta gwada romon kai, sai ta taɓa ta ture. Muka kai ta likita, ya duba ya ce tsufa ne. Tana ta narkewa a gabanmu kamar man shanu a rana, har hannunta ya koma kamar kara. Ni kuma da hikimata na sanar wa unguwa cewa baƙin cikin rufe rami ne ya kama ta. Ban taɓa haɗa zancen gero da zancen kunu ba.

Ana cikin haka Rakiya ta zo hutu daga Yamai. Ita ce ta biyu a cikinku, ta farin kun san ba na kama sunanta, ko a takarda hannuna ba ya yarda. Ta zo da ordinatar, wato kwamfuta, a ciki akwai wani lojisiyal, manhajar tsara asalin dangi. Ka rubuta suna, ka ce wane ya haifi wane, shi kuma ya zana maka itace mai rassa. Na ce abin nema ya samu. Na zauna na yi ta zuba masa kakanni har na'urar ta fara haki kamar jaki a hawan tudu. Itacen ya yi faɗin da in na gaske ne duk kasuwar Arlit za ta ci a inuwarsa. Sai dai kusa da kowane suna akwai wani ɗan jan ɗigo.

"Wannan jan fa? Lambar yabo ce?"

"A'a Baba, tambaya yake ina ka samo."

"Ina na samo kakana? Ki ce masa a gidanmu."

"Majiya yake so. Duk abin da ka rubuta sai ka ce ga inda ya fito."

Ta buɗe mini samfuran majiyar da suka zo da shi, kowane da gurabensa na cikewa. Na littafi yana son sunan marubuci da lambar shafi. Na takardar haihuwa yana son lamba da hatimi, ni kuwa tawa takardar cewa ta yi an haife ni wajajen shekara kaza, kamar ana kwatancen ɓataccen raƙumi. Har da samfurin dutsen kabari mai rubutu. Na ce wa Rakiya mu fa namu kaburburan ba sa magana, kuma littattafanmu suna da haƙora, wasu ma haƙoran sun zube. Ta yi dariya ta nuna mini wani lungu a cikin abin inda ake kwafe samfuri a sake shi, ka cire gurbin da ba ka so, ka ƙara naka, ka raɗa masa suna, har ka tsara yadda jimlar za ta fito a ƙarƙashin sunan mutum. Nan magazinye ya motsa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana tsara ɗakin ƙusoshi ai an taɓo masa inda ke masa ƙaiƙayi. Na share marubuci, na share shafi, na share mai bugawa. Na raɗa wa sabon samfurin suna Baki da Baki. Gurbi na farko, wa ya faɗa. Sai da idonsa ya gani ko ji ya yi. In ji ya yi, daga wa. Sai a ina aka yi zancen, da wanda ke zaune a wurin. Limamin unguwarmu da ya leƙo ya gani ya jinjina kai, ya ce ai haka malaman hadisi suke yi, wane daga wane daga wane. Kaina ya kumbura har hula ta matse ni. Rakiya ta nuna mini wani ɗan akwati a gefe.

"Baba, in ka sa alama a nan, ba zai yarda ya ajiye komai ba sai an cike waɗannan guraben."

"Sa masa! Mu ba ƴan ji-ta-ji-ta ba ne."

Da hannuna na haƙa ramin, da ƙafata na faɗa. Na fara da kakan nan mai zaki. Wa ya faɗa, Habu. Ya gani ko ya ji, ya ji. Daga wa? Na kira Lawali, ɗan ƙanen babana da ke Tanut.

"Lawali, zancen kakanmu da zaki, kai daga wa ka ji?"

"Daga bakinka mana."

"To ni daga wa na ji?"

"Wannan kuma tsakaninka da Allah. Ni dai lokacin da ka ba ni kura ce, ban san yaushe aka yi mata ƙarin girma ba."

Babu yadda na iya, na ɗauki ordinatar na nufi ɗakin baya, wurin littafin da ke cikin gidana tun kafin a haife ni, ban taɓa buɗe shi ba. Gwaggo na kwance, muryarta kamar ta sauro, amma da na fara tambaya sai na ga abin mamaki. Tsohuwar nan da ba ta taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba, a bisa tsarin gurabena take magana tun kafin in karanta mata su. Ta ce wannan na gani da idona. Ta ce wannan innata ce ta gaya mini muna sussuka. Ta ce wannan ban sani ba, kada ka rubuta. Da na kawo zancen zaki, ta ce ita dai ta ga tabo a ƙaurinsa, kuma shi da bakinsa ya ce jaki ne ya harbe shi. Raƙuman madugu suka koma guda biyu, ɗaya ma na aro. Amma a madadinsu ta ba ni abin da ban taɓa sani ba. Ashe mu zuriyar mahaƙa rijiya ne. Ta jero mini ƙauyukan Damargu da har gobe ke shan ruwan da kakannina suka tono, ta ce shi ya sa babana bai ji tsoron shiga ramin ma'adini ba ranar da ƙarti suka ja da baya. Na zauna baki buɗe, abin da ba a saba gani ba sai in hamma nake. Matsala ɗaya, akwai sunayen da ba ta kamawa, na tsohon mijinta da na surukinta. Sai ta ce mai gidan can, ko mai sunan Malam. Dole na koma lungun nan na ƙara sabon gurbi, yadda majiya ta kira shi.

Rassa suka yi ta faɗuwa, waɗanda suka rage kuma jan ɗigonsu ya yi ta gogewa. Har na iso kan reshen Gwaggo ita kanta. Ina zaune a zaure na rubuta, ba ta haihu ba, na danna a ajiye. Na'ura ta ƙi. Wa ya faɗa? Na rubuta kowa. Ya gani ko ya ji, daga wa? Na ɗaga murya na kira uwarku.

"Mariama, wa ya gaya miki Gwaggo ba ta haihu ba?"

"Kai ka gaya mini."

Na sake kiran Lawali, ya ce haka suka taso suka ji. Na kira tsofaffin da suka rage na zamanin babana, kowa ya ce ai sananne ne, amma babu ko ɗaya da ya ce daga bakinta ko daga bakin ƙanenta ya ji. Abin da duk duniya ta sani, ashe ba shi da uwa ba shi da uba. Na ce wa Rakiya ta cire alamar nan mu wuce, aiki na jiranmu.

"Baba, kai fa ka ce mu ba ƴan ji-ta-ji-ta ba ne."

"To ni zan je in tambayi yayar ubana ko ta taɓa haihuwa? Kina so ƙasa ta tsage in shige?"

"Kai ba za ka iya ba. Ni jika ce."

Gaskiyarta, abin da ɗa ba zai iya furtawa ba jika sai ta faɗe shi cikin wasa. Da hantsi aka fito da Gwaggo inuwar darbejiya, ga ƙwaryar kunu a gefenta ta yi sanyi. Ni na laɓe a bayan ƙofar madafa, ƙato da ni, cikina a waje. Rakiya ta zauna ta ɗora ƙafar tsohuwar a cinyarta tana matsawa.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, na'urar nan fa ta raina ki. Wai ke ko ɗan tsako ba ki ajiye a duniya ba."

"Ita ta ce?"

"Kowa ma haka yake cewa. Ita dai tambaya take, wa ya ji daga bakinki."

"Wa ya tambaye ni?"

Hannun Rakiya ya tsaya. Gwaggo ta yi magana a hankali, kamar mai ba da labarin wata mata daban. Ta ce an yi guda ɗaya a gidan can. Da aka yaye shi uwar miji ta ɗauka, kamar yadda ake yi da na fari. Aure ya mutu, ita ta taho arewa, shi ya zauna a dangin ubansa.

"Tsohuwa, me sunansa?"

"Ke rufe mini baki, marar kunya. Ana faɗa?"

"To yana da rai? Yana ina?"

Ta ja lulluɓinta, ta juya fuska ga katanga, irin juyin da na sani tun ina saurayi. Daga cikin lulluɓin muryar ta fito.

"Bana dai bai kawo gero ba."

Ƴaƴana, na taɓa ganin an fasa dutse da nakiya, ƙasa ta girgiza har ta kayar da ni. Bai kai wannan ba. Na zame na zauna a cikin toka. Shekara da shekaru uwa na jin muryar ɗanta a bakin ƙofa, ba ta ɗaga ido ba, ba ta kama sunansa ba, don kunyar ɗan fari. Babana ya sani, ya yi shiru don girmama yayarsa, ya tafi da shirunsa. Shiru ya hau kan shiru har ya daskare ya zama ba ta haihu ba. Kuma ga ta tana mutuwa a tsakar gidana da tambaya ɗaya a maƙogwaro, ko yana raye, kunya ta hana ta fito da ita. Ni da ba na iya rubuta sunan ɗiyata ta fari, ni ne na kasa gane juyin fuskar nan.

Washegari na hau mota. Wanda ya san hanyar Arlit zuwa Agadas ya san ba hanya ba ce, ramuka ne aka jera aka ɗan yayyafa kwalta a tsakani. Akwai ramin da muka shiga da azahar muka fito da la'asar. Ban ba kowa labari a motar ba, har wani da ya san ni ya taɓa goshina ya ji ko zazzaɓi nake. A Tanut Lawali ya yi ta tambaya a tashar manyan motoci har aka kai mu gidan. Muka tarar da Idi zaune a kan tabarma, yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ya ajiye tuƙi. Ya gane muryata tun daga sallama. Bai tambayi aikina ba, bai tambayi iyalina ba. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai.

"Mutanen ɗakin baya fa, suna lafiya?"

"Ba sa cin abinci, Idi. Me ya hana ka ko aike?"

"In aika in ce me? In kira waya in ce a ba ni wa? Ga ni ba ido, ba mota, in zo a jawo ni da sanda hannu wofi?"

"Tashi. Geron ni zan saya, kai dai ka kawo muryar."

Da muka iso gida na sauke buhun a inda yake saukewa, na riƙe hannunsa har bakin ƙofar ɗakin baya. Ya durƙusa ya yi gaisuwarsa ta kullum. Duk gidan ya yi tsit, ko kaji sun bar tono. Na ce yau dai za a yi kuka, za a rungume juna, har na tanadi nawa hawayen. Gwaggo ta ja lulluɓi, ta juya ga bango.

"Mariama, a ba baƙo ruwa."

Shi ke nan abin da ta ce. Amma bayan la'asar ta sa aka ɗebo daga geron nan aka surfa aka daka, ta tashi zaune da kanta, da hannun nan mai kama da kara ta dama fura. Ta aika da ƙwarya ɗaya zaure, ta shanye ɗaya tas. Uwarku ta zo karɓar ƙwarya, sai tsohuwar ta riƙo bakin zanenta.

"Baƙon nan ya rame. Kuma a kai shi a duba masa ido."

Ni ina wurin tun shigowarsa, na rantse ban ga ta dube shi ko da wutsiyar ido ba. Yadda ta gani, Allah kaɗai ya sani.

A ranar na cike guraben. Wa ya faɗa, Hansatu. Ta gani ko ta ji, ta gani. A ina, ƙarƙashin darbejiyar gidan Habu. Wa ke zaune, Rakiya, da wani ƙato a bayan ƙofa. Yadda majiya ta kira shi, mai kawo gero. Na danna, na'ura ta karɓa, wani ɗan reshe ya tsiro a ƙarƙashin sunan Gwaggo, babu jan ɗigo. Duk itacen babu reshen da ya kai shi ƙarfi. Ta roƙi kada a karanta shi a gabanta, ba a kuwa karanta ba har ta koma ga Allah bayan kaka ta sake zagayowa, Idi na cikin masu ɗaukar makara da idonsa ɗaya da aka gyara. Tana kwance nan Arlit kusa da ƙanenta. Shi ya sa ban ɗora gadona a kamiyo ba, kuma ita ce amsar tambayarku ta ina ne gidanmu. Zakina kam na rasa shi. A rumfar mai shayi in an tambaye ni ina yake, sai in ce shi ma an sallame shi tare da mu.

Abin da ban yi lissafi da shi ba, ɗan gwaggo taubashi ne. Mutumin da ya shekara da shekaru yana yi mini ladabin baƙo, reshen nan na tsirowa ya samu lasisin zolayata har ƙarshen rayuwa. Wata rana muna shan shayi a zaure na ce masa, ita dai kunya ta hana ta, na yarda, amma shi me ya hana shi ko sau ɗaya ya ce mini Habu, ni fa ɗan'uwanka ne? Ya kurɓi shayinsa, ya dube ni da idon nan ɗaya.

"Na sha buɗe baki in gaya maka, taubashi. Duk lokacin da na buɗe, sai in tarar kakanka bai gama kokawa da zaki ba."